Baba ya faɗi nasa tun bakinsa bai rufe ba

An haife ni a Gangare, cikin garin Jos, a gida mai mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya. Ni ce ta fari a ɗakin Inna, amarya. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata, sauran mutanen gida kuma su ce Uwani. Koyarwa nake yi a makarantar firamare, aure ma bai kai ni nesa ba, Anguwan Rogo ce, saboda haka duk abin da ya taso a gida ni ake fara nema. Baba dankalin Turawa yake sarowa daga Bokkos da Mangu yana lodi zuwa Kano da Legas. Bai yi boko ba, amma ya sauke Alƙur'ani, kuma duk lissafin kasuwarsa da ajami yake rubutawa a wani littafi mai baƙin bango: wanda ya ci bashi, wanda ya biya, buhu nawa ya ruɓe a hanya.

Ciwon suga da hawan jini sun daɗe tare da shi. A 2021 ƙafafunsa suka fara kumbura, abinci ya daina shiga, ga amai da safe. Da aka yi gwaji aka ce ƙodojinsa duka biyu sun gaza, sai wankin ƙoda.

Ranar da za a fara wankin, Yaya ya zo daga Abuja. Shi ne babbanmu, ɗan Hajiya uwargida, ma'aikacin gwamnati ne, shi ke ɗaukar mafi yawan nauyin gidan. Wata nas ta shigo da takarda, ta wuce gadon Baba ta miƙa wa Yaya, tana yi masa bayani da Turanci cewa za a sa roba a jijiyar wuya, ya sa hannu a nan da nan. Yaya ya zaro biro daga aljihu. Baba na kishingiɗe yana kallonsu, hularsa a kan gwiwa. Sai ya ce, cikin sanyin murya, "Wai wuyan wa za a huda ne, nawa ko nasa?"

Ɗakin ya yi tsit. Wani likita matashi da ke duba fayil a gadon gefe ya ji, ya jawo kujera ya zauna dab da shi. Ba Bahaushe ba ne, amma ɗan Filato ne, Hausarsa tas. Ya ce, "Baba, naka ne, kuma kai za ka yarda ko ka ƙi." Ya faɗa masa inda robar za ta shiga, da cewa tana iya zubar da jini ko ta kwaso ƙwayar cuta, da cewa injin zai riƙa jan jininsa yana tacewa yana mayarwa na kamar awa huɗu, sau biyu ko uku a mako. Baba ya ce, "Har yaushe?" Likita bai yi kwana-kwana ba. Ya ce wankin ba ya warkar da ƙoda, aikinta kawai yake yi mata, in ba dashe aka yi ba haka za a ci gaba har ƙarshen rayuwa. Na ga fuskar Yaya ta canza, don shi so ya yi a ɓoye wa Baba wannan. Baba ya yi shiru, ya ce, "To, madalla. Yanzu na san abin da na saya." Ya karɓi biron ya rubuta sunansa da ajami a kan layin.

Daga baya na ba wata ƙawata labarin, wadda muka yi sakandare tare, yanzu lauya ce. Ta ce abin da likitan ya yi ba alfarma ba ce, doka ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin maganin da ake da su, da amfanin kowacce da hatsarinta da kuɗinta, da cewa yana da damar ƙi, da abin da zai biyo baya in ya ƙi. Kuma a yi masa bayanin da yaren da yake ji, daidai da iliminsa. Ta ce a 2018 ma an ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyata a Abuja, Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, shi ya ƙaddamar. Ni dai tun da nake zaryar asibiti ban taɓa jin wani ya karanta wa tsoho wannan ba. Mu kanmu 'ya'ya mu ne kan gaba wajen jan likita waje mu ce kada a faɗa masa, hankalinsa zai tashi. Tausayi muke nufi, amma mun mai da mai gida yaro a kan jikinsa.

Wanki ya ci gaba. Ya ci motar lodin Baba, ya ci filin da ya saya a hanyar Bauchi, ya ci rabin albashin Yaya. Baba kan dawo gida jiki duk ya mutu, ya kwana, washegari ya ɗan warware har ya fita zaure a gaisa. Bai taɓa cewa ya gaji ba.

Abin da ya juya masa tunani rasuwar amininsa ce, wani mai sayar da katako da suka taso tare. Ya yanke jiki ya faɗi, aka kai shi ɗakin masu tsananin jinya aka ɗora shi a kan injin numfashi. Makonni yana nan bai san wanda ke kansa ba. 'Ya'yansa suka rabu biyu: masu cewa a cire a bar bawan Allah ya huta, da masu cewa duk wanda ya ce a cire shi ya kashe shi. Kowa na rantsuwa cewa ya san abin da mahaifinsu yake so, alhali babu wanda ya taɓa tambayarsa. Sai da aka jinginar da gidan da matansa ke ciki. Ranar da rai ya yi halinsa, 'ya'yan ko zaman makoki ba su yi a tabarma ɗaya ba. Na raka Baba dubiya sau ɗaya, aka bar shi ya leƙa ta gilashi. A cikin keke-napep muna dawowa bai ce uffan ba sai da muka zo Terminus, ya ce, "Uwata, ni ba za a yi mini haka ba."

Bai fara da lauya ba, da malaminsa ya fara, wanda ya yi shekaru yana ɗaukar karatu a wajensa bayan Asuba. Ina tsakar gida ina jin su ta ƙofar zaure. Baba ya ce, "Allah gafarta Malam, in mutum ya ce kada a ɗora shi a inji, ya kashe kansa ke nan?" Malam ya ce a bi abin a hankali. Neman magani umarni ne na Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma ya hana mutum fatan mutuwa saboda wata cuta da ta same shi, sai dai ya roƙi Allah ya raya shi in rayuwa ce alheri, ya ɗauke shi in mutuwa ce alheri. Ba wa mutum abin da zai kashe shi haramun ne, ko shi ya nema. Amma barin maganin da masana suka tabbatar ba zai amfana ba, wannan wani babi ne daban. Ya kawo hadisin Nana A'isha da ke cikin Buhari da Muslim, lokacin da suka ɗura wa Annabi magani a jinyarsa ta ƙarshe yana yi musu ishara kada su yi, suka ɗauka ƙin magani ne irin na mara lafiya, da ya farfaɗo ya nuna musu bai yarda da abin da suka yi ba. Ya ce Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta cire injin ga wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu gaba ɗaya, kuma kwamitin fatawa na Saudiyya ya ce in ƙwararrun likitoci uku amintattu suka haɗu a kan cewa farfaɗo da mutum ba zai yi amfani ba, ba dole a yi ba. Sannan ya ce, "Alhaji, tunda abin yana ranka, rubuta shi. Ai ka san hadisin Ibn Umar: bai kamata Musulmin da ke da abin wasiyya ya kwana biyu ba face wasiyyarsa na rubuce a wajensa."

Baba ya ɗauki kwanaki yana rubutu a bayan littafinsa mai baƙin bango, ya rubuta ya soke. Da ya gama ya ce in kira masa ƙawar tawa.

Barista ta zo da yamma, ta durƙusa ta gaishe shi, ya karanta mata tana juyawa da boko. Ba ta ruɗe shi ba. Ta ce, "Baba, a Amurka da Ingila akwai dokar da aka yi musamman don irin wannan takarda. Jihar Kalifoniya ta yi tata tun 1976, Ingila ta yi a 2005. Mu a nan babu wadda aka keɓe mata. Amma ba a banza za ka rubuta ba." Ta ba shi labarin shari'ar wani likita, Okonkwo, da Kotun Ƙoli ta yanke a 2001. Wata mata ce mai jego a Inugu, mabiyar Shaidun Jehobah, ta ƙi ƙarin jini saboda addininta, ta kuma sa hannu a rubuce. Likitan ya bi abin da ta ce, ta rasu, kotun ladabtar da likitoci ta dakatar da shi. Kotun Ƙoli ta wanke shi, ta ce baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani ko da ransa ne a ciki, domin tsarin mulki ya ba shi 'yancin sirrinsa da na addininsa. Ta ƙara da cewa ƙaramin yaro ba ya cikin wannan, a 2019 kotun ta tsaya a kan ceton jaririn da mahaifiyarsa ta ƙi a ƙara masa jini. Ta ce takardar shaida ce ta abin da ya zaɓa lokacin da hankalinsa ke jikinsa, likitan da ya bi ta yana da madogara, 'ya'yan da suka bi ta ba wanda zai ce son ransu ne. Abin da ba za ta iya ba shi ne sa likita ya gaggauta mutuwa, wannan laifin kisa ne a dokar ƙasa. Kuma ta ce maganar dukiya a raba ta da wannan, a yi mata takardarta daban, tunda ita wannan tana aiki ne mutum na da rai.

Abin da ya rubuta ba shi da tsawo. A gaya mini gaskiyar ciwona, kada a ɓoye. A ci gaba da wanki muddin ina gane mutane ina sallah, ko a kwance ne. Kada a sayar da gidan nan ko a jinginar da shi saboda jinyata. In na fita hayyacina, likitoci uku suka ce babu alamar dawowa, kada a ɗora ni a injin numfashi, kada a danna ƙirjina in zuciya ta tsaya, a daina wanki. A ba ni maganin raɗaɗi, a jiƙa mini baki, a tsaftace ni. In da hali a mai da ni ɗakina. Layin ƙarshe shi ne ya tayar da ƙura: in bakina ya rufe, Uwani ce bakina.

Na ce, "Baba, ga Yaya, ga Baffa." Ya ce, "Yayanki ba zai iya cewa a bari ba, ko da ya san a bari ne daidai. Zai sayar da rigar jikinsa. Baffanki kuma ba ya jin abin da likita ke faɗi. Ke ce kike zaune da ni a kan injin nan, ke kika san abin da nake iya ɗauka."

Ya tara mutane bayan La'asar ranar wata Juma'a: Malam, da Baffa, da matansa biyu, Yaya kuma aka kira shi a waya aka buɗe murya. Baffa ya ce wa Baba, "Yaya, mace fa ce, a ƙarƙashin wani take. Kuma wannan ai kamar kiran mutuwa ne." Baba ya ce, "Likkafanina na cikin akwati tun da na dawo Makka, bai kira ta ba." Daga wayar ba mu ji komai ba na ɗan lokaci, sannan Yaya ya ce, "Duk yadda ka ce, Baba." Na san irin wannan amsar, ta ladabi ce, ba ta yarda ba. Malam da wani maƙwabci suka sa hannu a matsayin shaidu. Barista ta buga ta da Hausa da Turanci, muka kai Baba babbar kotu ya yi rantsuwa aka buga hatimi, aka liƙa shafinsa na ajami a baya. Likitan ƙodarsa ya karanta, ya tambaye shi wasu abubuwa shi kaɗai ba ma wajen, don ya tabbatar ba wanda ya tursasa shi, ya sa kwafi a fayil. Ɗaya na wajena, ɗaya a ƙarƙashin katifar Hajiya.

Ya yi kusan shekara bayan nan, har ya aurar da autarmu.

Cikin sanyin Janairun 2023 Inna ta kira ni da tsakar dare, ta ce Baba ya tashi alwala ya faɗi. Muka kai shi asibiti yana wani irin munshari, ido ɗaya a buɗe. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna jijiya ta fashe, jini ya malale sosai. Likitan da ke aikin dare ya ce numfashinsa na raguwa, in za a sa inji yanzu ne, a je a biya kuɗin ajiya. Hannuna na rawa na fito da takardar daga jaka. Ya karanta a tsaye ƙarƙashin fitilar baranda, ya nemi fayil ya ga irinta a ciki, ya ce zai sa masa iskar oksijin ta hanci, ya kira manyansa.

Yaya ya taso daga Abuja bayan Asuba, ya iso da hantsi. Kafin ya shigo ya riga ya yi waya da wani asibitin kuɗi a can, ya nemi motar ɗaukar marasa lafiya, har yana maganar Masar. Na ce, "Yaya, ka tuna abin da ya rubuta." Ya dube ni, idanunsa jajur, ya ce, "Takarda ce za ta hana ni ceton ubana? Ko dai kin gaji da jinya ne?"

Har yau in na tuna maganar nan sai ƙirjina ya yi nauyi. A gidan 'yan uba irin wannan kalma ba ta tsayawa inda aka faɗe ta, kafin Azahar ta zagaye dangi ta dawo da ƙari. Kuma ba mugunta ce ta sa shi ba, mutum ne da ya zuba duk abin da ya mallaka don ubansa ya rayu. Ni kaina a lokacin zuciyata cewa take, in fa aka gwada ya tashi? Ba abin da ya riƙe ni sai rubutun hannun Baba da ke bayan takardar, da yadda ya soke wata kalma ya sake ta.

Hajiya ce ta raba gardamar. Tana zaune a kan benci da carbinta, ba ta ce komai ba tun dare. Ta kira shi da sunan da take kiransa tun yana yaro, ta ce, "Zo nan. Shekara hamsin ina tare da mutumin nan. Kafin ya faɗa wa takarda ni ya faɗa wa. Yarinyar nan aike aka ba ta, ba ra'ayinta ba ne. In kana da faɗa, da shi za ka yi." Yaya ya durƙusa a gabanta ya kifa kai a gwiwarta, ƙato da shi yana kuka a gaban jama'a.

Likitoci uku suka duba shi a ranar, na ƙoda da na ƙwaƙwalwa da na ɗakin masu tsananin jinya. Na roƙe su su yi bayanin a gaban Yaya, ya tambayi duk abin da yake so. Ya tambaya kuwa, har da ko tiyata za ta yiwu. Suka ce jinin ya yi yawa kuma ya yi zurfi, ga ƙoda babu, inji zai iya riƙe numfashin na wani lokaci amma ba su ga hanyar da zai farka ba. Suka kuma gaya mana cewa in an daina wanki, mai irin ciwonsa ba ya cika wuce mako ɗaya zuwa biyu. Babbansu ya rubuta a fayil cewa ba za a yi yunƙurin farfaɗowa ba, bisa umarnin majinyaci, sauran suka sa hannu, ni ma na sa. Na miƙa wa Yaya biro, ya girgiza kai. Ba wanda ya matsa masa.

Washegari muka mai da shi gida da tukunyar oksijin ta haya, da wata nas da ke zuwa safe da yamma tana yi masa allurar raɗaɗi tana nuna mana yadda za mu juya shi kada bayansa ya yi gyambo. Matansa suka raba dare. Almajiran Malam na zaure suna karatu. 'Yan kasuwar dankali suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, wasu da bashin da ke cikin littafin nan suka kawo ba a tambaye su ba. Yaya ne ke jiƙa masa leɓe da auduga, bai bar wa kowa wannan ba. Bai kai mako ba ya cika, da rana, Baffa na yi masa kalmar shahada a kunne. Allah ya jiƙansa, ya sa jinyar ta zama kaffara.

Gidan Gangare na nan, matansa na ciki. Da aka zo rabon gado ba a ɗaga murya ba.

Ni da Yaya ba mu taɓa daidaitawa a kan maganar ba. Ya ba ni haƙuri a kan abin da ya faɗa, ranar sadakar uku, amma har gobe yana ganin da an kai shi Abuja da wataƙila wani abu ya faru. Ba na musu da shi. Inna kuwa ko maganar ba ta so, da na ɗauko sai ta ce in bar ta da Allah, na kuma bar ta, don wannan ma zaɓinta ne. Ni na rubuta tawa, maigidana ne a ciki, ya karanta ya yarda.

Bara Hajiya ta sa na sake kiran Barista. Ta faɗi nata, kusan irin na Baba, sai dai ita ta ce ko asibiti ko gida duk ɗaya ne a wajenta. Da aka zo kan wanda zai yi magana a madadinta ta ce ɗanta take so. Aka kira Yaya. Ya ce, "Hajiya, ban yi miki alkawarin zan iya ba." Ta ce, "To je ka yi tunani. In ba za ka iya ba ka faɗa mini tun ina ji, in sa wani." Takardar na ofishin Barista, an buga komai, wurin sunan ne kawai ba a cike ba. Ya ce in ya zo Babbar Sallah zai ba ta amsa.